Gida takwas ko gida shida: yadda wasan cike gurbi ya iso Arewa

A rubutun Faransanci sunan garin Guéchémé na Nijar harafi takwas ne. In aka bi lafazin aka rubuta shi da bokon Hausa, Gesheme, ya koma bakwai, in kuma aka ɗauki "sh" a matsayin harafi ɗaya, kamar yadda ake koya wa yara, ya zama shida. Haka Dogondoutchi take da goma sha biyu a takardun gwamnati, Dogondutsi kuwa goma. Mai tafiya kasuwa wannan lissafi bai dame shi ba. Amma wanda ya zauna da fensir gaban wasan nan na jarida, mai gidaje farare da baƙaƙe kamar gidajen dara, inda ake ba ka ma'ana kai kuma ka nemo kalmar ka zuba haruffanta ɗaya bayan ɗaya, ya san harafi guda yana iya rushe masa aikin yini.

Wasan bai tsufa sosai ba. Ranar 21 ga Disamba 1913 wani ɗan jarida haifaffen Liverpool ta Ingila, Arthur Wynne, ya buga shi a shafin nishaɗi na jaridar New York World a Amurka. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fitar da littafin farko na wasan, kowane kwafi da fensir ɗaure a jikinsa, aka yi ta rububinsa. Cikin shekarun nan ne wasan ya shiga jaridun Faransa, ya samu sunan "mots croisés", wato kalmomin da suka gitta wa juna. Ta wannan ƙofa ya shigo Nijar, a hannun mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ma'aikacin biro, kuma jaridar Le Sahel ta Yamai, wadda aka fara bugawa a 1974, ta ba shi gurbi a shafinta na shaƙatawa. Jarida in ta iso ƙauyukan Dallol Mawri, ko da ta kwana biyu a hanya, labarinta ne yake tsufa, gidajen wasan suna nan suna jiran mai cikewa.

Ba a sami Bahaushe da hannu wofi ba. Kacici-kacicin da kaka take yi wa jikoki da dare shi ne zuciyar wannan wasa: a siffanta maka abu a kaikaice, kai ka kama sunansa. Zana gidaje a jera a zuba musu haruffa kuwa, duk wanda ya ga hatimin malamai ya san ba baƙon abu ba ne. Abin da wasan jarida ya zo da shi sabo sharuɗɗa biyu ne masu tsauri. Dole kowace kalma ta kasance da rubutu ɗaya da aka yarda da shi, dole kuma a sami ƙamus da zai raba gardama. Hausa ta daɗe kafin ta mallaki waɗannan biyun, kuma 'yan ƙasar da ake kira Nijar a yau suna da hannu a aikin tun daga tushe.

James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843. Hausarsa ba ta zauna ba sai da ya samu Dorugu, wani yaro daga yankin Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi matafiyi Heinrich Barth har Ingila. Daga bakin wannan yaro Schön ya kwashi labarai da kalmomi masu yawa kafin ya fitar da ƙamusunsa a 1876. Duk lokacin da na tuna da wannan sai in ji ya kamata a riƙa ambaton Dorugu a azuzuwanmu kamar yadda ake ambaton Turawan da sunansu yake bangon littattafan. A ɓangaren Faransa, tawagar Tilho da ta shata iyakar Nijar da Nijeriya daga 1906 zuwa 1909 tana da tafinta, Moïse Landeroin, wanda ya tattara tarihin sarautu da kalmomi a kan hanya, har aka buga ƙamusun Hausa da Faransanci da sunansa da na Tilho. Iyakar da suka shata ita ce ta sa ɗan Gesheme yake cewa alimeti, ɗan'uwansa na Kabi yana cewa ashana. Nan a biya lampo, can a biya haraji. A nan in an ce an tafi likita ana nufin gidan magani, a can likita mutum ne, gidan kuwa asibiti.

Babban ƙamus ya zo a 1934 daga G. P. Bargery, da kalmomi kusan 39,000, kuma ya kula da bambancin Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci. R. C. Abraham ya biyo baya a 1949. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun kafu a shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya ta yaɗa wannan rubutu daga 1939. Nijar ta bi tata hanyar: taron Bamako na 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, makarantun gwaji da aka fara da Hausa a Damagaram a 1973, sai taron Yamai na 1980 da ya nemi daidaita rubutun ƙasashen biyu. Abdou Mijinguini ya rubuta Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. Duk da haka ɗan bambanci ya rage, domin inda Kano take rubuta 'ya'ya, Yamai tana rubuta ƴaƴa.

Ga Ba'are, wato mutumin Arewa ta Dallol Mawri, akwai ƙarin matsala, kuma a wurina ita ce daɗin abin. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta. Bakano ya ce tafi, mutumin Arewa ya ce tahi, duka gida huɗu, sai dai harafi na uku ya bambanta, kuma kalmar da za ta gitta ta wurin ba za ta yarda da duka biyun ba. Fari gida huɗu ne, hwari biyar. 'Ya ta zama ɗiya. Yaron da ya tashi a wannan yanki yana jin Zabarmanci a kasuwa, Fulatanci wajen masu nono, Larabci a makarantar allo, Faransanci a lakwal, ya saba tun yana ƙarami da cewa abu ɗaya yana da suna huɗu ko biyar. Lokacin da yake cike wasan Faransanci, a Hausa yake fara gano amsar, sannan ya nemi takwararta. Na tabbata kalmar da aka samu da irin wannan gumi ta fi zama a ka fiye da wadda aka haddace daga allon mushe.

Hausa tana da abin da zai sa mai tsara wasa ya ji daɗi. Da yake rubutunmu bai nuna karin sauti da tsawon wasali, kalma ɗaya a takarda tana ɗauke da ma'anoni da yawa. Gari wurin zama ne, kuma shi ake tuƙa tuwo da shi. Fari launi ne, rashin ruwan sama ne, kuma shi budurwa take yi da ido. Sai dai inda Bafaranshe yake zubar da alamomin kan wasali in zai cike gidaje, Bahaushe ba zai iya zubar da ƙugiya ba, don kafa daban, ƙafa daban, baki daban, baƙi daban.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Malamin da zai zana wa ɗalibansa wasan cike gurbi da Hausa a allon aji a Gesheme yana da ƙamus yanzu, yana da ƙa'idar rubutu. Abin da ya rage masa kafin ya ɗauki alli shi ne ya yanke ko "sh" da "ts" gida ɗaya za su ci ko biyu, kuma ko zai karɓi tahi a inda ya tanadi tafi.