Daga Zariya Zuwa Filin Ƙanƙara: Tarihin Samarin Hoki da Yadda Ta Kaya Musu

Na san wani zai ce, to mu da ko ƙanƙarar firji sai an kawo wuta muke gani, ina ruwanmu da wasan da ake yi a kan ƙanƙara? Ku yi mini uzuri, ni ma da haka na fara. Abin da ya jawo ni shi ne musu da wani maƙwabcina Bayarabe a nan Ibadan. Wata rana ya nuna mini sunan wani shahararren ɗan wasan Kanada, Jarome Iginla, ya ce ɗansu ne, domin "igi nla" da Yarabanci na nufin babban itace. Ni kuma don kada a bar ni a baya na shiga bincike, sai ga shi ashe mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga babbar gasar wannan wasa, a Zariya aka yanke masa cibiya. Daga neman abin mayar da martani, sai na tsinci kaina cikin wani tarihi da ya fi ƙarfin raha. Shi ne nake son mu duba tare a yau.

Da farko, mene ne wasan?

Hokin ƙanƙara ɗan uwan ƙwallon gora ne, sai dai a kan daskararren ruwa ake yin sa. 'Yan wasa na sa takalma masu wani siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da gudu, suna kora wani ɗan faifan roba baƙi da sanduna. Kowane ɓangare mutum 6 ne har da gola, kuma zango 3 ake yi, kowanne minti 20. Babbar gasarsa a duniya ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917, yanzu tana da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka.

Amma kafin yaro ya kai can, akwai matakin da mafi yawan 'yan Kanada ke bi, wato gasar matasa ta 'yan shekara 16 zuwa 20. Manyan gasannin matasan guda 3 ne: ta yamma (WHL), ta lardin Ontario (OHL), da ta Quebec da lardunan gabas (QMJHL). Tun 1975 suke ƙarƙashin inuwa ɗaya, wadda a yau ake kira CHL, da ƙungiyoyi kimanin 60. Kofin da suke nema shi ne Memorial Cup, wanda aka fara bayarwa a 1919 don tunawa da sojojin Kanada da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ga inda abin ya taɓa ni. Yaro ɗan shekara 16 ba shi ke zaɓar garin da zai je ba, ƙungiya ce ke zaɓarsa. Sai ya bar iyayensa, ya tafi garin da wani sa'in ya kai ɗaruruwan kilomita, a damƙa shi a hannun wani magidanci da zai ba shi ɗaki da abinci. Mu da muka san al'adar mai masauki a Sabo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba albashi ake ba yaran ba, ɗan alawus ne. Suna wasa kusan 70 a kaka, suna kwana a cikin bas, suna kuma ƙoƙarin gama sakandare. Duk wannan wahala saboda rana ɗaya ce: ranar zaɓen NHL, wanda aka fara a 1963. A tsarin yanzu zagaye 7 ake yi, ƙungiyoyi 32, ke nan gurbi 224 a shekara, kuma da 'yan Amurka da Suwidin da Finland da Rasha ake rububinsu. Zaɓen ma ba aiki ba ne, izini ne kawai na ka zo a gwada ka.

Wanda ya buɗe ƙofa

Kafin in zo kan 'yan Nijeriya, dole in ambaci Willie O'Ree, haifaffen Fredericton a 1935. Yana gasar matasa faifan nan ya same shi a idon dama, ya rasa kusan duk ganin idon. Ya ɓoye maganar, domin da an sani da shi ke nan. Ranar 18 ga Janairu, 1958 ya buga wa Boston Bruins, ya zama baƙar fata na farko a NHL. Wasa 45 kacal ya yi a babbar gasar, ya ci 4. Sauran rayuwarsa ta wasa, har zuwa 1979, a ƙananan gasanni ya yi ta. Sai a 2018 aka sa shi cikin zauren gwarazan wasan da ke Toronto. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na wasa 45 cikin sama da shekara 20, domin za mu sake ganin irinsa.

Ɗan Zariya

An haifi Rumun Ndur a Zariya ranar 7 ga Yuli, 1975. Yana ƙarami iyayensa suka koma Kanada, ya taso a Ontario. Daga 1992 zuwa 1995 ya buga wa ƙungiyar matasa ta Guelph Storm a matsayin ɗan baya. A 1994 Buffalo Sabres suka zaɓe shi, shi ne na 69. A 1996 ya ci kofin gasa mai daraja ta biyu da Rochester Americans, kuma a kakar 1996 zuwa 1997 ya fara taka filin NHL.

Sai dai aikin da aka fi saninsa da shi mai wuya ne. A wancan zamani kowace ƙungiya na ajiye wani ƙaƙƙarfa wanda idan an taɓa tauraronta shi zai jefar da safar hannu a dambace. Ndur na cikin irin waɗannan. Ya bi ta Buffalo, da New York Rangers, da Atlanta Thrashers, jimillar wasa 69, ya ci 2. Daga shekarar 2000 ƙofar NHL ta rufe masa, amma bai ajiye sanda ba. Ya ci gaba da neman abinci a ƙananan gasannin Amurka, har da wata ƙungiya mai suna Danbury Trashers da ta yi ƙaurin suna wajen faɗa, ya kuma buga a Ostiriya da Ingila, inda ya sa rigar Coventry Blaze. Wani zai ce ai bai yi nasara ba. Ni dai ban yarda ba. Cikin dubban yaran da suka fara tare da shi, ƙalilan ne suka taɓa buga ko wasa ɗaya a NHL.

Babban itace

Jarome Iginla, ɗan maƙwabcin nawa, an haife shi a Edmonton ranar 1 ga Yuli, 1977. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne da ya je Kanada yana saurayi. Iyayen sun rabu tun yana ƙarami, sai ya tashi a hannun mahaifiyarsa da kakanninsa na wajen uwa a St. Albert, kuma kakan ne ya fara kai shi filin hoki. Yana ɗan shekara 16 ya tafi Kamloops Blazers, suka ci Memorial Cup a 1994 da 1995. A kakarsa ta ƙarshe a can ya ci 63 cikin wasa 63.

Dallas Stars suka zaɓe shi na 11 a 1995, amma kafin ya buga musu ko sau ɗaya suka yi musayarsa da Joe Nieuwendyk na Calgary Flames. A Calgary ya zama babban itacen da gaske. A kakar 2001 zuwa 2002 ya fi kowa ci da guda 52, ya fi kowa maki da 96. Ya zama kyaftin a 2003, ya riƙe har 2013. Ya ci zinare da Kanada a gasar Olamfik ta 2002 da ta 2010, kuma a ta 2010 shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya karya Amurka a wasan ƙarshe. Ya gama da wasa 1,554, ci 625, maki 1,300, aka zaɓe shi cikin zauren gwaraza a 2020. Amma duba ikon Allah, duk da wannan bai taɓa ɗaga Kofin Stanley ba. A 2004 saura ƙiris, Tampa Bay ta doke su a wasa na 7. A 2024 kuma aka zaɓi ɗansa Tij na 6, shi ma daga gasar matasa ta yamma.

Ɗan Okene

Na uku shi ne ya fi tsaya mini a rai. An haifi Akim Aliu a Okene ta Jihar Kogi a 1989, uba ɗan Nijeriya, uwa 'yar Yukren. Ya yi ƙuruciya a Kiev kafin su koma Toronto, inda ya iso bai iya Turanci ba. A 2005, yana ɗan shekara 16, ya shiga Windsor Spitfires. Akwai wata muguwar al'ada ta cin zarafin sababbin shiga, inda ake tuɓe su a cusa su a ban-ɗakin bas. Aliu ya ce shi kam ba zai yi ba. Bayan haka, a wajen atisaye, wani babba a ƙungiyar mai suna Steve Downie ya doke shi da sanda a baki, ya zubar masa da haƙora. Hukumar gasar ta ci ƙungiyar tara, ta dakatar da kocin, aka kuma mayar da Aliu Sudbury.

To, ga abin lura. Downie ya je ya buga wasa sama da 400 a NHL. Aliu, wanda Chicago ta zaɓa na 56 a 2007, ya buga 7. Shi a nasa bayanin, tun daga ranar da ya ƙi tuɓewa aka liƙa masa tambarin mai taurin kai, kuma tambarin ya bi shi duk inda ya je. A Afrilun 2012 ya fara buga NHL da Calgary, lokacin Iginla na kyaftin, wato jinin Nijeriya biyu a riga ɗaya, har ya ci 2 a wasansa na biyu. Daga nan sai yawo: ƙananan gasannin Amurka, Suwidin, Rasha, Jamhuriyar Czech.

A Nuwamban 2019 ya fito ya bayyana cewa Bill Peters, wanda a lokacin ke horar da Calgary, ya taɓa jifansa da kalmar cin mutuncin baƙar fata shekara 10 da suka wuce, lokacin suna Rockford. Peters ya amsa cewa ya yi furuci marar kyau, ya ajiye aiki cikin kwanaki. A 2020 Aliu da wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance don yaƙar wariya a wasan. Mutumin da ya buga wasa 7 ya girgiza gidan fiye da wasu masu wasa 700.

Waɗanda ba a zaɓa ba fa?

Su ne mafi yawa, kuma su ne ba a rubuta tarihinsu. Yaro ya kai shekara 20, gasar matasa ta sallame shi, ba kwantiragi. Gasannin sun tanadi tallafin karatu, galibi shekara ɗaya ta jami'a a kan kowace kaka da aka buga, kuma da yawa sun amfana. Amma a 2014 tsofaffin 'yan wasa suka kai ƙara, suna cewa ma'aikata ne su, ya kamata a biya su mafi ƙarancin albashi. A 2020 aka cimma sulhu a kan dalar Kanada miliyan 30, amma kafin nan larduna da dama sun riga sun gyara dokokinsu, sun cire 'yan wasan daga sahun ma'aikata. Akwai kuma waɗanda hanya ta ci: mutum 4 na Swift Current Broncos a hatsarin bas a 1986, da mutum 16 a bas ɗin Humboldt Broncos a 2018.

Wani sauyi ya zo kwanan baya. A da, duk wanda ya buga CHL ya haramta wa kansa wasa a jami'o'in Amurka, domin ana ɗaukarsa ɗan wasan kuɗi. Ke nan yaro ɗan shekara 16 ne zai yanke hukuncin da zai bi shi har abada. A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'in ta soke wannan doka, sabon tsarin ya fara aiki a Agustan 2025.

Abin da na fahimta

Da na koma wa maƙwabcina da labarin ɗan Zariya, ya yi dariya ya ce nasu ya ci 625, namu ya ci 2. Na ce haka ne, amma namu a gida aka haife shi. Muka rabu a kan kunnen doki.

Raha a gefe, abin da na gani shi ne mutanen nan uku duk 'ya'yan baƙi ne, irin 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda ake tambaya ina ne garinsu alhali a nan suka buɗe ido. Dukansu sun bar gida tun ba su mallaki hankalin kansu ba, kuma dukansu gwanaye ne, in ba haka ba da ba a zaɓe su ba. Amma ɗaya ya yi wasa 1,554, ɗaya 69, ɗaya 7. Bambancin baiwa na nan, ban musa ba. Sai dai akwai kuma hannun da yaro ya faɗa ciki, da irin aikin da aka ɗora masa, da abin da aka rubuta a kansa ranar da ya ce a'a.

Wannan a Kanada ke nan, ƙasa mai kotuna da 'yan jarida da takardu a rubuce, amma sai da aka ɗauki shekara 10 kafin a saurari ɗan Okene. Don haka duk wanda aka zo masa da maganar za a tafi da ɗansa nesa saboda ƙafarsa ko hannunsa na da kyau, ya yi tambaya uku kafin ya sa albarka. A gidan wa zai kwana? Wa zai kai wa kuka idan an zalunce shi? Idan kuma ya kai shekara 20 ba a ɗauke shi ba, me zai dawo da shi a hannu?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa su da mutanen kirki duk inda suka je. Sai mun sake haɗuwa.