Fanny Dashwood: Rowa da Sunan Ƙaunar Ɗa

Babi na biyu na littafin Sense and Sensibility, wanda Jane Austen ta fitar a Landan a 1811, hira ce kawai tsakanin miji da mata, amma a cikinta aka raba marayu uku da rabonsu ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. John Dashwood ya yi wa mahaifinsa alkawari, lokacin da uban yake jinyar ajali, cewa zai tallafa wa matar uban da 'ya'yanta, Elinor da Marianne da Margaret. Har ya yanke shawarar ba su fam 3,000, dubu ɗaya kowacce. Sai ya kai maganar gaban matarsa Fanny.

Fanny ba ta ce kada ya bayar ba. Tunatar da shi ta yi cewa kuɗin nan haƙƙin ɗansu Harry ne, yaro ɗan shekara huɗu, kuma 'yan matan ai 'yan uba ne, dangantakar da ita ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Dubu ta koma ɗari biyar-biyar. John ya kawo shawarar a riƙa ba uwar fam 100 duk shekara. Fanny ta kawo labarin tsofaffin barori uku da mahaifiyarta ta daɗe tana biya irin wannan kuɗi, tana ƙorafin cewa mai karɓarsa ba ya mutuwa da wuri. Kafin a tashi hira, alkawarin ya koma aika ɗan kifi da naman farauta idan lokacinsu ya yi. Ko a nan ba ta huce ba, don tangaran da aka bar wa bazawarar sun tsone mata ido.

Abin da ya sa wannan mace ta fi ƙarfin a kira ta marowaciya kawai shi ne, duk hujjar da ta kafa ta zumunci ce. Da sunan uwa mai kishin ɗanta take magana, shi ya sa mijin ya tashi yana jin ya sauke nauyi. Tsarin gadon Ingila ma ya ba ta ƙafa: tsohon da ya mallaki gidan Norland a Sussex ya yi wasiyya dukiyar ta gangara ga John da ɗansa, matan huɗu suka tashi da abin da ke kawo musu fam 500 a shekara. Mai karatun da ya saba da rabon gado mai ƙayyadadden kaso ga mata zai jinjina kai a nan. Ana gama jana'izar mahaifin John, Fanny ta tare a gidan, ko aike ba ta yi ba.

Gado ta yi. Mahaifiyarta, Misis Ferrars, ta so babban ɗanta Edward ya auri Mis Morton mai fam 30,000. Da ta ji ya yi wa Lucy Steele, yarinyar da ba ta da ko sisi, alkawarin aure, sai ta sallama shi, ta mallaka wa ƙanensa Robert gidan gonar Norfolk. Austen ta yi mata ba'a mai zafi, tana ƙirga mata 'ya'ya kamar kuɗin ajiya: yau biyu, gobe ɗaya, jibi babu.

Ita kuwa Fanny, don gudun saukar da Elinor da Marianne a gidanta na titin Harley, Lucy da yayarta ta gayyato. A ɗakinta asirin alkawarin auren Edward da Lucy ya tonu, ta yi ta kururuwa har aka kira likita. Lucy ta bar Edward ta bi dukiyar, ta auri Robert, kuma ba a jima ba ta zama 'yar gaban goshin Misis Ferrars.