Tarihin Wasu Kalmomin Ingilishi a Bakin Mutanen Betso

Gabatarwa

Betso gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, a Jihar Adamawa. Wannan takarda za ta bi diddigin wasu kalmomin aro da ake ji a kasuwannin yankin, don nuna amfaninsu wajen koyar da Ingilishi.

Shigowar Ingilishi

Jamusawa ne suka fara mulkar ƙasar Mubi a farkon ƙarni na 20. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka danƙa yankin amana a hannun Ingila a 1922. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ce ta haɗe shi da Nijeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Kafin boko ya yaɗu, kalmomin Ingilishi sun riga sun shigo ta bakin sojoji da ma'aikata da fatake, galibi bayan Hausa ta gyara musu lafazi.

Asalin Kalmomi

Kalmomin kuɗi sun fi fito da wannan tarihi fili. Sule daga shilling take, sisi daga sixpence, fam kuwa daga pound, wadda tushenta a Latin ke nufin nauyi. Kwabo daga copper ya samo asali, wato jan ƙarfe, wanda Rumawa suka laƙaba wa sunan tsibirin Kubrus inda ake haƙo shi. Ko da aka sauya kuɗi a 1973, sunan kwabo bai ɓace ba. Haka nan soja daga soldier take, ita kuma tana komawa ga solidus, tsabar zinariyar Rumawa. Soja ke nan shi ne mai yaƙi don albashi.

Sai dai kama da wane ba ta wane. An daɗe ana ɗaukar cewa boko daga book take, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba.

Kammalawa

Ɗalibin Betso yakan zo aji da harshen gida da Hausa, sau da yawa har da Fulatanci. Idan malami ya faro daga kwabo da soja, yaron zai gane cewa Ingilishi ma aro ya ci ya girma, tsoronsa kuma sai ya ragu. Ya dace manhaja ta ware wa asalin kalmomi gurbi, tare da sharaɗin tantance kowace kalma kafin a kai ta allo.