Jere: Tarihin Kwanukan Ado A Ɗakin Amarya

Jere shi ne kwanuka da sauran kayan cin abinci da iyaye ke shirya wa ɗiyarsu a ɗakin aurenta domin ado. A ƙasar Hausa da Borno, har da garuruwan arewacin Jihar Yobe irin su Nguru da Gashuwa da Jajimaji, ba a cin abinci a cikinsu sai wata babbar hidima ta taso. Mallakar matar ne ita kaɗai, kuma takan sayar da wani abu daga ciki idan buƙata ta matsa.

A zamanin da, ƙore da akusa da tasoshin tagulla ake jerawa. Isowar jirgin ƙasa Nguru daga Kano a shekarar 1930 ta sauƙaƙa shigowar hajar ƙetare yankin. Sannu a hankali langa da kwalla da samira masu zanen furanni, waɗanda ake kawowa daga Chekoslobakiya da Hong Kong, suka maye gurbin ƙwarya. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas, aka riƙa ƙera irinsu a cikin gida. Daga baya aka koma yayin tangaran da gilashi da kuloli a cikin kabad.

Duk lokacin da yayi ya sauya, tsofaffin kwanuka kan ƙare a hannun dillalai ko 'yan gwangwan a kan kuɗi kaɗan. A nan ne abin da ya faru da wani nau'in gilashi a Amurka ya zama abin lura.

A 1894 Louis Comfort Tiffany ya yi rajistar gilashinsa mai suna Favrile, wanda ke walƙiya da launukan bakan gizo, sai dai masu hali ne kawai ke iya sayensa. Wajajen 1908 kamfanin Fenton da ke Jihar West Virginia ya fara sayar da mai araha. Ana zuba narkakken gilashi a mazubi, a fesa masa ruwan sinadarin ƙarfe tun yana da zafi, sai launukan su kama jikinsa. Da kasuwarsa ta faɗi, aka riƙa raba farantai da kofunan kyauta a wuraren wasannin kalankuwa. Tun daga shekarun 1950 masu tara kayan tarihi suka shiga nemansa, yau kuma wanda ya yi ƙaranci ana sayar da shi da tsada a kasuwannin gwanjo.

Darajar irin waɗannan kaya ta dogara ne ga shekarunsu da ƙarancinsu da kuma rashin tsagewa. Saboda haka ya kamata mai tsohon jere ta duba tambarin da ke gindin kwano, ta guji goge shi da toka ko soson ƙarfe, sannan ta rubuta sunan wadda ta gada daga gare ta da shekarar aurenta.