Shugaba Linkon da Bayin Wida

Daga Zongon Kwatano zuwa Wida tafiyar kilomita 40 ce. A can ne a shekarar 1860, zamanin Sarki Gilele na Dahome, aka loda bayi 110 cikin jirgin ruwa mai suna Clotilda. A ɓoye aka kai su Alabama, gama tun 1808 dokar Amurka ta hana shigo da bayi. Cikin wannan shekara kuwa aka zaɓi Abraham Linkon shugaban ƙasa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, haɗin kan ƙasa ne Linkon ya sa gaba. Kada mu ɓoye wannan, 'yan'uwa. Amma a 1862 ya ƙi yi wa Nathaniel Gordon, mai fataucin bayi, afuwa, aka rataye shi. Ran 1 ga Janairu 1863 ya yi shelar 'yanta bayin jihohin tawaye. Ga mutanen Clotilda wannan shela takarda ce kawai, domin Alabama tana hannun 'yan tawaye. Sai a Afrilu 1865 sojojin Linkon suka iso, suka ce musu sun zama 'ya'ya. Cikin watan nan aka harbe Linkon. A Disamba tsarin mulki ya soke bauta ɗungum.

Suka so komowa gida, kuɗin jirgi ya gagara. Sai suka sayi fili, suka kafa unguwarsu, suka gina majami'a. Ɗaya daga cikinsu, Kosola, ya zama mai kula da ita. Ya rasu a 1935 bai sāke ganin Wida ba.