Fara: Daga Annobar Gona Zuwa Kaskon Suya

Da wuya a sami wata halitta da Bahaushe yake tsoro kuma yake marmari a lokaci guda kamar fara. Idan ta yi dango ta rufe sararin sama, manomi kan ɗora hannu a ka. Idan kuwa ta fito daga kasko ta sha yaji, shi ɗin ne dai zai miƙa hannu. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda abincin nan ya rayu a tsakanin waɗannan fuskoki biyu, da abin da yaƙin da aka yi da farar ya jawo masa.

Cin fara ya girmi duk wani tarihin da aka rubuta game da shi a ƙasar Hausa, kuma zuwan Musulunci bai kore shi ba, sai ma ya ƙarfafa shi. Hadisi ya halatta ta tare da kifi, an kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Abi Aufa cewa sun yi yaƙoƙi bakwai tare da Annabi (SAW) suna cin ta. Malikawa dai sun shardanta a kashe ta da niyya, ko da ta hanyar dafawa ce. Da ma haka matan ƙauye suke yi. Akan kamo ta da asuba a lokacin hunturu, sa'ad da sanyi ya daskarar da ita ba ta iya tashi, ko da dare da fitila. A zuba ta a tafasasshen ruwan gishiri, a shanya a rana, a fige fukafukai da ƙafafu masu ƙaya, sannan a soya da man gyaɗa, a barbaɗa yaji da garin ƙuli-ƙuli, wasu su matsa lemon tsami. Shanyar nan ita ce gundarin hikimar, domin busasshiyar fara takan yi watanni a buhu, watau ta kai gida har bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Binciken masana abinci ya nuna cewa fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne. Maƙwabtanmu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan ci: shingen da yaranmu ke tarawa a farkon damina shi ne Yarabawa ke kira esunsun, Ibo kuma aku.

Ɗaya fuskar ba ta da daɗin faɗa. Daga 1928 zuwa wajen 1941 wata annobar fara da ta taso daga fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau ta mamaye mafi yawan Afirka kudu da Sahara. A yammacin Nijar ta haɗu da harajin Faransawa da aikin tilas, aka sami yunwar 1931. Kafin wannan, a 1921, masanin ƙwari Boris Uvarov ya bayyana cewa farar da ke zaman kaɗaici da wadda ke dango jinsi ɗaya ce, cunkoso ne ke sauya mata kama da hali. Wannan sani ya sa hukumomi suka koma farautar ta tun a maƙyanƙyasarta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu makamin ya zama guba, irin su dieldrin, wadda daga baya aka haramta saboda daɗewarta a ƙasa da jikin dabbobi. An yi feshi mai yawa a annobar 1986 zuwa 1989, aka sake yi a 2004, shekarar da farin dango da ƙarancin ruwa suka share fagen matsin abinci na 2005 a Maraɗi da Damagaram da Tawa.

A nan ne, a ganina, tarihin ya karkace. Kakanninmu idan fara ta cinye musu gero sukan rama da cinye ta, asara ta ragu. Feshi ya yanke wannan ramuwa, domin farar da guba ta kayar ba abinci ba ce, kuma mai saye a kasuwa ba shi da hanyar bambance ta da ido. Sa'ar da aka yi ita ce yawancin abin da ake kasawa a mudu a Maiduguri da Kano da Maraɗi farar gona ce da ta daji, ba ta dango ba, amma gonakin ma yanzu suna shan magani. An samar da maganin da aka yi da wani naman gwari mai kashe fara kaɗai, wanda aka yi aikinsa a Kwatano tun daga 1989, sai dai jinkirin aikinsa ya hana shi ture guba daga kasuwa.

Wani abin kuma da ya raunana abincin shi ne kunya. Ɗan boko ya taso yana ganin fara cimar yara ce da mata da talaka, ya saya a ɓoye ya cusa a aljihu. Sai ga shi a 2013 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa kimanin mutum biliyan 2 na cin ƙwari, nau'i sama da 1,900, kuma kiwonsu bai kai na shanu cin abinci da ruwa da fili ba. A 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci, a 2022 ta ƙara da gyare. Can niƙa su ake yi a gauraya garin da fulawa kaɗan-kaɗan a gasa burodi da biskit, don kada mai ci ya ga ido da ƙafa. Ƙwarin nasu na kiwo ne, an san abin da suka ci tun daga ƙwai. Tamu farar har yau daga daji take zuwa, ta hannun mai kamu da dillali da mai suya, kuma duk mai son zuba garinta a cincin ko kunun yara sai ya fara tambayar gonar da aka kamo ta.