Wasanni a Ostareliya: ƙwallo iri huɗu, kurket da kwando a ƙasar da za ta karɓi Olamfik a 2032

Ostareliya ƙasa ce da teku ya kewaye, kudu da Indonesiya, mai yawan jama'a kimanin miliyon 27, wato kusan daidai da Nijar. Ita ma mafi yawan faɗinta busasshiyar ƙasa ce, abin da ya sa jama'arta suka taru a biranen bakin teku irin su Sidni, Melbon da Birisben. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta samu lambobin yabo 53, cikinsu 18 na zinariya, ta zo ta huɗu a bayan Amurka, Sin da Japan. Nijar kuwa, tun da ta fara halarta a 1964, lambobi biyu ta samu: tagulla ta Issaka Daboré a dambe a 1972, da azurfa ta Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a 2016.

Mai bin ƙwallo a Sabon Maci ko Dakoro ko birnin Maradi ya fi jin sunan ƙasar idan gasar cin kofin duniya ta zo, ko idan ta kara da wata ƙasar Afirka. Sai dai ƙwallon ƙafar da ya saba kallo ba ita ce ta fi tara jama'a a can ba. Kamar yadda kokowa ke riƙe da zukatan ƴan Nijar tun gasar takobin ƙasa ta farko a Tahoua a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, haka ƴan Ostareliya suke da nasu wasannin gida, kuma kowane yanki da wanda ya ɗauka.

Ƙwallon gida

Wasan da ya fi cika filaye shi ne wanda suka ƙirƙira da kansu, ake kiransa ƙwallon ƙafa na Ostareliya. An rubuta dokokinsa a Melbon a 1859, bayan wani ɗan wasan kurket, Tom Wills, ya ba da shawarar a samo wasan da zai hana jikin ƴan kurket mutuwa a lokacin sanyi.

Filin da ƙwallon duka siffar ƙwai gare su. Kowane ɓangare na da ƴan wasa 18 a fili. Ana buga ƙwallon da ƙafa, ana kama ta da hannu, ana kuma iya gudu da ita muddin ana buga ta da ƙasa a kowace mita 15. Ba a jefa wa abokin wasa, sai dai a naushe ta da dunƙulallen hannu. Babu raga, babu mai tsaron gida: sanduna huɗu ne a tsaye a kowane ƙarshen fili. Wanda ya buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin sandunan tsakiya ya ci maki 6, idan ta bi ta gefe kuwa maki 1.

Babbar gasar, AFL, ta fara a 1897 a matsayin gasar jihar Biktoriya, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1990. Tana da ƙungiyoyi 18, kuma ta tsibirin Tasmaniya za ta shigo a 2028. Wasan ƙarshe ana yinsa ne yawanci ranar Asabar ta ƙarshen Satumba a babban filin kurket na Melbon, mai ɗaukar mutum dubu ɗari. An buɗe gasar mata a 2017. Ƴaƴan Afirka ma sun shiga: Majak Daw, haifaffen Khartum, ya fara bugawa a 2013, sai Aliir Aliir da aka haifa a sansanin ƴan gudun hijira na Kakuma a Kenya.

Zari-ruga iri biyu

A Sidni da Birisben da jihohinsu, ƙwallon zari-ruga ce ke gaba. Iri biyu ce. Mai ƴan wasa 13 ta fara a Sidni a 1908, kuma ita ce ta talakawa da ma'aikata. Tun 1980 jihohin biyu ke karawa da juna a kowace shekara, yanzu sau uku, kowane ɗan wasa yana buga wa jihar da ya tashi. Zafin wannan hamayya ya yi kama da na jihohin Nijar takwas a filin kokowa, inda ɗan Maradi ba ya son ganin bayan ɗan kokowarsa ya taɓa ƙasa.

Mai ƴan wasa 15 ta fi ƙarfi a makarantun masu hali, amma ita ce aka fi sani a waje. Ƙungiyar ƙasar, Wallabies, ta lashe kofin duniya a 1991 da 1999, kuma Ostareliya ce za ta karɓi gasar a 2027.

Ƙwallon ƙafa

Ƙwallon ƙafa irin ta Mena ita ce ta huɗu, ko da yake a wasannin ƙungiya ita yara suka fi bugawa. Baƙin da suka zo daga Italiya, Girka da tsohuwar Yugoslabiya bayan yaƙin duniya na biyu ne suka ƙarfafa ta. Ƙungiyar maza, Socceroos, ta fara zuwa kofin duniya a 1974, sannan ta yi shekara 32 ba ta koma ba.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rukunin da take ciki. A yankin Oseyaniya ba ta da abokin karawa na ƙwarai: ranar 11 ga Afrilun 2001 ta lallasa Samowa ta Amurka da ci 31 da nema, inda Archie Thompson shi kaɗai ya zura 13. Amma wanda ya zo na ɗaya a yankin sai ya sake karawa da wata ƙasa daga wata nahiya, kuma a nan take faɗuwa. A Nuwamban 2005 ta fitar da Urugwai a bugun daga kai sai mai tsaron gida a Sidni, a 2006 kuma ta koma hukumar ƙwallon Asiya. Daga nan ba ta sake rasa gurbi ba, har da na gasar 2026 da ta samu a watan Yunin 2025. Ta lashe kofin Asiya a gida a 2015, bayan ta doke Koriya ta Kudu da ci 2 da 1.

Sau biyu ta kai zagayen ƴan 16, a 2006 da 2022, kuma duka biyun waɗanda suka fitar da ita, Italiya da Ajantina, su suka ɗauki kofin. Ta yi kunnen doki da Gana, 1 da 1, a 2010, ta kuma doke Tunisiya da ci 1 da nema a Katar. A tawagar da ta je Katar akwai matasa uku ƴan asalin Sudan ta Kudu: Awer Mabil, Thomas Deng da Garang Kuol. Tim Cahill ne ya fi kowa ci wa ƙasar, da ƙwallaye 50.

Ƙungiyar mata, Matildas, ta yi suna a 2023 lokacin da Ostareliya da Niyu Zilan suka karɓi kofin duniya na mata. Ranar 27 ga Yuli, a Birisben, Najeriya ta doke masu masaukin da ci 3 da 2, ta ƙafar Uchenna Kanu, Osinachi Ohale da Asisat Oshoala. Duk da haka Matildas sun farfaɗo, suka fitar da Faransa da bugun fenariti 7 da 6, kafin Ingila ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe da ci 3 da 1.

Kurket

Idan ƙwallo ta raba jihohi, kurket ne ke haɗa su. Wasan lokacin zafi ne, kuma zafin can yana zuwa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin hunturu a Nijar.

Ɓangarori biyu ne, kowanne da mutum 11. Mai jifa yana auna wasu turaku uku da ƙwallo mai tauri, mai sanda kuma yana kare su da faffaɗan katako. In ya doke ƙwallon, sai shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ta gangara ta fita daga fili maki 4 ne, in ta fita ta sama 6. Ana fitar da mai sanda idan ƙwallo ta kayar da turakun, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. In an fitar da goma, sai a juya. Akwai wasan da kan kai kwana biyar, akwai na yini ɗaya, akwai kuma gajere na kimanin awa uku.

Wasan kwana biyar na farko tsakanin ƙasashe an yi shi a Melbon a 1877 tsakanin Ostareliya da Ingila, wadda ta yi mata mulkin mallaka, kuma har yau babu hamayyar da ta kai wannan. Maza sun lashe kofin duniya na wasan yini ɗaya sau shida: 1987, 1999, 2003, 2007, 2015 da 2023, lokacin da suka doke Indiya a gidanta. Mata sun lashe nasu sau bakwai. Don Bradman, wanda ya yi ritaya a 1948, ya bar matsakaicin maki 99.94, alhali ana ɗaukar mai 50 a matsayin gwani.

Wasan ya sha abin kunya a 2018 a Afirka ta Kudu, lokacin da kyamara ta kama ɗan wasa Cameron Bancroft yana goge ƙwallo da takarda mai kaushi don ta riƙa karkacewa a iska. An dakatar da shi wata tara, kaftin Steve Smith da mataimakinsa David Warner kuma shekara ɗaya-ɗaya.

Ƙwallon kwando

An kafa gasar ƙasa ta maza a 1979. Luc Longley ne ɗan ƙasar na farko da ya buga a gasar NBA ta Amurka, ya kuma ɗauki kofi uku a jere tare da Michael Jordan a Chicago Bulls, daga 1996 zuwa 1998. Ƙungiyar maza, Boomers, ta zo ta huɗu a Olamfik har sau huɗu kafin ta samu tagulla a Tokiyo a 2021, inda Patty Mills ya ci maki 42 a kan Sulobeniya.

Mata sun riga maza. Opals sun zama zakarun duniya a 2006, ƙarƙashin jagorancin Lauren Jackson. Shi ya sa aka yi mamaki ranar 29 ga Yulin 2024 da ƴan matan Najeriya, D'Tigress, suka doke su da maki 75 da 62 a wasan farko na Olamfik a Faransa. A nan ma ƴan Ostareliya sun gyara, suka koma gida da tagulla.

Tushen nasarar

A Olamfik na Montireyal a 1976 Ostareliya ba ta samu zinariya ko ɗaya ba, lambobi biyar kawai ta kawo. Abin ya yi wa jama'a ciwo, har gwamnati ta buɗe cibiyar horar da ƴan wasa a Kanbera, babban birnin ƙasar, a watan Janairun 1981. An fara da wasanni takwas, ciki har da ninƙaya, tsere, kwando da ƙwallon ƙafa. Matashin da aka zaɓa yana samun masauki, abinci, makaranta, koci da likita a wuri guda. Longley, Mills da Jackson duk a nan suka koyi sana'a. Bayan shekara 19, a gasar Sidni ta 2000, wadda Kamaru ta lashe zinariyar ƙwallon ƙafa a cikinta, ƙasar ta samu lambobi 58.

Ƙasan wannan cibiya akwai dubban ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye, waɗanda iyaye ke tafiyarwa a matsayin sa-kai. Su ne koci, su ne alƙalan wasa, su ne masu tara kuɗin riguna. Arzikin ƙasar ya taimaka ƙwarai, tun daga filaye zuwa kuɗin da gidajen talabijin ke biya, amma waɗannan ƙungiyoyi ne ke gano yaro tun yana ɗan shekara shida ko bakwai.

Abin da magoya baya ke gardama a kai

Gardamar farko ita ce wane wasa ya cancanci sunan ƙwallon ƙafa. Ɗan Melbon, ɗan Birisben da mai bin Socceroos kowanne nasa yake nufi. Ta biyu ita ce makomar wasan kurket na kwana biyar, wanda dattawa ke karewa, matasa kuma suka fi son gajeren.

Akwai kuma batun wariyar launin fata. Adam Goodes, ɗan asalin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, sau biyu ana zaɓarsa gwarzon AFL, amma ya yi ritaya a 2015 bayan ƴan kallo sun daɗe suna yi masa ihu. A 2019 hukumar gasar ta nemi gafararsa. Tallan caca ma na tayar da ƙura: a 2023 wani kwamitin majalisar dokoki ya ba da shawarar a hana tallan cacar intanet gaba ɗaya cikin shekara uku, saboda yadda take cinye kuɗin matasa.

Gasar 2032

Birisben ce za ta karɓi Olamfik daga 23 ga Yuli zuwa 8 ga Agustan 2032, karo na uku ga ƙasar bayan Melbon a 1956 da Sidni a 2000. Agogon birnin na gaba da na Nijar da awa tara, don haka wasan ƙarfe 8 na dare a can zai zo da ƙarfe 11 na safe a Maradi, a tsakiyar damina, lokacin da mafi yawan mutanen Sabon Maci ke gona. Dambe, taekwondo da kokowar zamani na cikin wasannin da aka saba yi a Olamfik, kuma a biyun farko ne Nijar ta taɓa hawa dandalin karɓar lamba. Yaron da aka haifa a 2012 zai cika shekara 20 a shekarar gasar.